Martani ga Raymond Prince: Cutar Ƙin Cin Abinci Ba ta San Iyakar Ƙasa Ba

Cututtukan cin abinci rukuni ne na larurorin ƙwaƙwalwa waɗanda ke lalata tsakanin mutum da abinci har jikinsa ya jigata. Uku daga cikinsu sun fi sanuwa. Akwai anoreksiya, inda mai ita ke tauye wa kansa abinci har ya rame ramar da ke iya kai shi kabari, alhali abincin yana gabansa. Akwai bulimiya, inda mutum zai ci abinci mai yawa cikin ɗan lokaci ba tare da ya iya tsayar da kansa ba, sannan ya nemi fitar da shi ta hanyar janyo amai, ko shan maganin gudawa, ko motsa jiki mai tsanani. Ta uku ita ce cin wuce kima ba tare da amayarwa ba, wanda kunya da ƙyamar kai ke biyo bayansa. Galibi suna somawa ne daga shekarun balaga zuwa farkon shekarun ashirin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 14 ne ke fama da su, kusan miliyan 3 daga ciki yara ne da matasa. Wannan lissafi anoreksiya da bulimiya kawai ya ƙunsa. Da wasu masu bincike a Ostireliya suka haɗa da sauran nau'o'in a 2021, adadin ya haura miliyan 55.

A 1983, da kuma 1985, likitan ƙwaƙwalwa ɗan ƙasar Kanada, Raymond Prince na Jami'ar McGill, ya rubuta cewa ya dace a sa anoreksiya cikin cututtukan da al'ada ke ɗaure da su, wato waɗanda ba a samunsu sai a wasu al'ummomi ƙalilan saboda yanayin zamansu da tunaninsu. A ganinsa cuta ce ta ƙasashen Yamma da waɗanda tasirin Yamma ya ratsa su sosai, irin su Japan. Prince ba baƙo ba ne a Afirka. Ya yi aiki a asibitin Aro da ke Abeokuta a ƙarshen shekarun 1950, kuma shi ne ya bayyana ciwon gajiyar ƙwaƙwalwa da ya gani a tsakanin ɗaliban Najeriya a 1960. Saboda haka maganarsa ta yi nauyi. Ta kuma zo daidai da hoton da Hilde Bruch ta zana a littafinta The Golden Cage na 1978, inda ta nuna cutar a matsayin wadda ke kama 'yan mata daga gidajen wadata da ilimi. Daga waɗannan rubuce-rubuce ra'ayin ya sauko cikin jama'a da kaifin da ya fi na masu shi: ciwon ƙoshi ne, shagwaɓar 'ya'yan masu kuɗi ce, wanda ya san yunwa ba ya wasa da abinci.

Kuskuren Prince iri biyu ne. Ya ɗauki wurin da ake ƙidaya cutar a matsayin wurin da take, sannan ya ɗauki dalilin da marasa lafiyar Yamma ke bayarwa, wato tsoron ƙiba, a matsayin ita kanta cutar. Shekaru arba'in na bincike sun raba waɗannan abubuwa.

Tarihi ne ya fara ba shi matsala. Likitan Ingila Richard Morton ya rubuta labarin marasa lafiya biyu a 1689, yarinya mai shekara 18 da yaro mai shekara 16, waɗanda suka daina cin abinci suka rame ba tare da zazzaɓi ko tari ba. Yarinyar ta mutu. A 1873 William Gull a Landan da Charles Lasègue a Faris, kowa a nasa ɓangaren, suka bayyana cutar dalla-dalla, kuma Gull ne ya raɗa mata sunan da ake kiranta da shi har yau. Za a iya cewa ai Ingila da Faransa Yamma ne, don haka Prince bai faɗi ba. Amma hujjarsa ba a kan taswira ta tsaya ba, a kan al'ada ta tsaya: son siririn jiki, mujallun ado, gasar kyau. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan a Ingilar 1689, kuma bayanan Gull da Lasègue ba su ɗora cutar a kan tsoron ƙiba ba. Masanin tarihi Rudolph Bell ya koma baya fiye da haka, ya nazarci rayuwar mata masu ibada a Italiya, irin su Katarina ta Siyena wadda ta mutu a 1380 tana da shekara 33 bayan doguwar ƙauracewa abinci. Gano cutar mamaci bayan ƙarni shida abu ne mai santsi, bai kamata a jingina da shi sosai ba. Abin da yake nunawa kawai shi ne, matasa sun daɗe suna hana kansu abinci har su halaka, kuma kowane zamani yana ba su harshen da za su yi bayani da shi.

Wanda ya fi kowa fito da wannan batu fili shi ne Sing Lee, likitan ƙwaƙwalwa a Hong Kong. A 1993 shi da abokan aikinsa suka wallafa nazarin marasa lafiya 70 'yan asalin Sin masu anoreksiya. Fiye da rabinsu ba su nuna tsoron ƙiba ba. Idan aka tambaye su abin da ya hana su ci, sai su ce ciki ke kumbura, ko abinci ba ya shiga, ko ba sa jin yunwa. Amma ramar ɗaya ce, taurin kai a gaban abinci ɗaya ne, haɗarin ma ɗaya ne. A ƙarƙashin ƙa'idojin gano cuta na lokacin, waɗanda suka wajabta tsoron ƙiba, da yawa daga cikin waɗannan marasa lafiya ba za a rubuta su a matsayin masu anoreksiya ba. Masuncin da ya jefa taru mai manyan idanu, ya ja bai ga ƙananan kifi ba, bai isa ya ce babu su a kogin ba. Ƙa'idar da aka ƙera daga bakin 'yan matan Landan da New York dole ta riƙa kama masu magana irin tasu, sannan a dawo a ce ga shi nan, su kaɗai ke da cutar.

An sami irin wannan a Afirka ta Yamma. A 2004 Dinah Bennett da abokan aikinta suka wallafa binciken da suka yi a kan ɗalibai mata 668 a makarantun sakandare na karkarar Ghana. Sun auna su, suka ware masu ƙarancin nauyi, suka duba ko wata cuta ta jiki ce ta jawo ramar. A ƙarshe suka sami 10 waɗanda babu abin da ke bayyana ramarsu sai hana kai abinci da gangan. Babu wadda ta ce tana son siririn jiki ko tana tsoron ƙiba. Maganar kame kai suke yi, da jin daɗin iko da yunwa, da azumi na ibada. Kafin wannan ma an riga an buga rahotannin ɗaiɗaikun marasa lafiya: ɗaya daga Najeriya a 1981, ɗaya daga Zimbabuwe a 1984, sai wasu 'yan Najeriya biyu da Famuyiwa ya bayyana a 1988. Biyu na farko sun riga maƙalar Prince ta 1985 fitowa. Rahoton mutum ɗaya ba ya nuna yawan cuta, amma ya isa ya rushe kalmar "babu".

Su kansu hukumomin da ke tsara ƙa'idojin sun ja da baya. A 2013 Ƙungiyar Likitocin Ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sake fasalin littafinta na gano cututtuka. Ta amince cewa ɗabi'ar da ke hana nauyi ƙaruwa ta wadatar ko da mara lafiya bai furta tsoron ƙiba ba. Ta cire sharaɗin ɗaukewar jinin al'ada, wanda dama ba ya aiki a kan maza da 'yan matan da ba su fara ba. Ta ba cin wuce kima matsayin cuta mai zaman kanta, ta kuma ƙara wani nau'i na ƙin abinci wanda ba ruwansa da siffar jiki, sai ƙyamar ɗanɗano ko tsoron shaƙewa. Sabon kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda ya fara aiki a 2022, ya bi wannan hanya.

Sai batun ƙidaya. Alƙaluman da Prince da Bruch suka gani daga asibitoci suka fito, kuma asibitin ƙwaƙwalwa mai tsada 'ya'yan masu hali yake gani. A ƙasar da likitocin ƙwaƙwalwa 'yan ɗaruruwa ne ga mutum fiye da miliyan 200, kamar Najeriya, yarinyar da ke ramewa ba wurinsu ake fara kai ta ba. Za a yi mata gwajin tarin fuka, da ƙanjamau, da taifot, a ba ta maganin olsa da na tsutsar ciki, kuma daidai ne a fara da waɗannan domin su ne suka fi yawa. Matsalar tana zuwa ne idan duk gwaji ya fito lafiya. A nan wasu iyalai kan juya zuwa zancen sammu ko iska, likitan da aka koya masa cewa wannan ciwon Turawa ne kuma ba zai yi tambayar da za ta tono shi ba: me take ci a yini, wa ke ganinta tana ci, ina take zuwa bayan an sauke kwano. Ra'ayin Prince yana haifar da shaidar kansa, domin abin da ba a nema ba ba ya shiga rajista.

Adalci ya wajabta a faɗi inda Prince yake da gaskiya, kuma ba kaɗan ba ne. Hans Hoek da tawagarsa sun bi bayanan lafiya na tsibirin Kurasawo a yankin Karibiyan, suka wallafa a 2005 cewa sun sami anoreksiya a cikin tsirarun farare da masu ruwa biyu, amma ba su sami ko ɗaya ba a cikin baƙaƙen fata waɗanda su ne mafi rinjaye. Wannan bincike ne mai kyau, ba a share shi da hannu. Sannan ga Fiji. Anne Becker ta Jami'ar Harvard ta yi nazarin 'yan matan makaranta a lardin Nadroga a 1995, makonni kaɗan bayan isowar talabijin, ta koma a 1998. Al'ummar wurin masu yaba cikar jiki ne da cin abinci da kyau. A zagayen farko babu yarinyar da ta ce tana janyo amai don rage nauyi. Bayan shekara uku, kashi 11 cikin 100 suka ce suna yi. 'Yan matan da aka tambaya ba su da yawa, sittin da 'yan kai a kowane zagaye, amma saƙon a bayyane yake: al'ada na iya kunna wutar, kuma cikin gaggawa. Pamela Keel da Kelly Klump, da suka tattara shaidun tarihi da na ƙasashe daban-daban a 2003, sun raba gardamar gida biyu. Bulimiya, wadda Gerald Russell ya fara bayyanawa a Landan a 1979, ta fi jingina da al'adar son rama da samuwar abinci mai yawa. Anoreksiya kuwa ana samunta a zamuna da wurare da ba su san wannan al'ada ba. Wato Prince ya zaɓi wadda ta fi raunin dacewa da ra'ayinsa. Ko darasin Fiji ma ba ya taimakonsa yadda ake zato, domin idan shekara uku na talabijin sun isa, to, a zamanin da wayar hannu ta kai hotunan Instagram da TikTok kowane ƙauye, babu sauran al'ummar da za a ce tana bayan katanga. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Akwai kuma abin da Prince ba shi da halin sani a 1985. Nazarin tagwaye a Suwidin da Amurka ya nuna cewa gado yana ɗauke da kusan rabi zuwa kashi 60 cikin 100 na haɗarin kamuwa da anoreksiya. A 2019 wani babban bincike na ƙasa da ƙasa ya kwatanta ƙwayoyin gadon masu cutar kusan 17,000 da na mutum fiye da 55,000 marasa ita, ya gano wurare takwas da ke da alaƙa da ita. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne, alaƙar ba ta tsaya ga cututtukan ƙwaƙwalwa irin su damuwa da waswasi ba, ta shafi yadda jiki ke sarrafa sukari da kitse. Gibin wannan bincike shi ne kusan duk waɗanda aka ɗiba 'yan asalin Turai ne, wanda ya sake nuna inda kuɗin bincike yake. Duk da haka, wannan ya amsa tambayar da bayanin al'ada ya kasa amsawa: miliyoyin 'yan mata suna kallon hotuna iri ɗaya, da yawa suna gwada rage ci, amma ƙalilan ne ke faɗawa ramin da ba sa iya fitowa.

Zancen "ciwon ƙoshi" shi ne ya fi kowanne rauni, domin yunwa da kanta tana haifar da alamomin. A 1944 zuwa 1945 Ancel Keys na Jami'ar Minnesota ya ɗauki samari 36 lafiyayyu, waɗanda suka ƙi shiga yaƙi saboda aƙidarsu, ya rage musu abinci zuwa kusan rabi na tsawon mako 24 har suka zubar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu. Manufarsa ita ce a san yadda za a ciyar da mutanen Turai bayan yaƙi. Abin da ya gani ya wuce haka. Samarin suka koma ba su da zance sai na abinci, wasu suna tara littattafan girki, suna yanka lomarsu ƙanana suna jan ci na sa'o'i, suka zama masu saurin fushi da ƙauracewa mutane. Da aka sake musu abinci, wasu suka riƙa ci babu tsayawa har su yi rashin lafiya, kuma hakan ya ɗauki watanni. Babu ɗayansu da ke neman kyan jiki. Darasin da likitoci suka ɗauka shi ne, yawancin abin da ake gani a matsayin mugun hali a wurin mai anoreksiya aikin ƙwaƙwalwar da ke cikin yunwa ne. A 2017 Carolyn Becker da abokan aikinta suka tambayi mutum 503 masu karɓar tallafin abinci a San Antoniyo ta jihar Texas. A rukunin da talauci ya fi tsanani, inda har yara ke kwana da yunwa, kashi 17 cikin 100 suna da alamomin cutar cin abinci da suka kai a kula da su a asibiti. Gidan da ake samu yau a rasa gobe yana koya wa jiki cin wuce kima ranar samu, kunya kuma ta biyo baya.

Hoton yarinya 'yar masu kuɗi ya kuma ɓoye samari. Binciken da Sonja Swanson ta jagoranta a 2011, a kan matasan Amurka fiye da 10,000 masu shekara 13 zuwa 18, ya sami anoreksiya a kashi 0.3, bulimiya a kashi 0.9, cin wuce kima a kashi 1.6 cikin 100. A wannan bincike yawan anoreksiya a maza da mata daidai yake, bulimiya kuma ta fi yawa a matasa 'yan asalin Latin Amurka. Sauran bincike sun fi samun mata da rinjaye, amma babu mai musun cewa maza suna ciki, sau da yawa ta ƙofar wasanni da gina jiki. Ya kuma ɓoye masu matsakaicin jiki da masu ƙiba. Yawancin masu bulimiya ba ramammu ba ne, kuma matashin da ya zubar da nauyi mai yawa cikin sauri zai iya shiga haɗarin zuciya tun bai kai ga ƙashi da fata ba. Irin wannan har yaba masa ake yi.

A wuraren da ake son mace da cikar jiki, matsin yana zuwa ta ɗaya gefen. Shan ƙwayoyi irin su deksametason da sifroheftadin don a yi ƙiba sanannen abu ne a ƙasashen Afirka da dama, kuma a kasuwa ɗaya ake tallarsu da shayin rage tumbi. Wannan ba ya cikin jerin cututtukan cin abinci a hukumance, amma ya nuna cewa son ƙiba a al'ada ba ya nufin matasa sun zauna lafiya da jikinsu.

Muhimmancin gardamar yana cikin abin da jinkiri ke jawowa. Jon Arcelus da abokan aikinsa sun haɗa bincike 36 a 2011, suka sami cewa mutuwa a tsakanin masu anoreksiya ta ninka ta sa'o'insu kusan sau shida, kuma ɗaya cikin biyar na waɗanda suka mutu kashe kansu suka yi. Yunwa tana rage bugun zuciya da matsin jini, tana tsayar da girma da jinin al'ada, tana cinye ƙashi a daidai shekarun da ya kamata ya yi ƙwari, kuma wani ɓangare na wannan asara ba ya dawowa. Yawan amai yana zubar da sinadarin fotasiyam, wanda ƙarancinsa kan rikita bugun zuciya farat ɗaya. Yana kuma cinye haƙora, ya kumbura gefen muƙamuƙi, wani lokaci ya bar kanta a bayan yatsu. Alamomin farko a gida ake ganinsu: yawan cewa "na riga na ci", guje wa cin abinci tare da mutane, shiga banɗaki da zarar an gama, jin sanyi a lokacin zafi, sa manyan kaya, girka wa kowa ba tare da ɗanɗanawa ba, da azumin nafila da ya wuce misali. Game da na ƙarshen, shari'ar Musulunci ta hana haɗa azumi kwana da kwanaki ba buɗa-baki, ta kuma ɗauke wa mara lafiya azumin farilla, don haka malami da likita ba su da saɓani a nan.

Magani ma ya yi nisa da tunanin zamanin Bruch, lokacin da ake ɗora laifi a kan iyaye har a raba yarinya da su. A asibitin Maudsley da ke Landan aka ɓullo da hanyar da ta mayar da iyaye abokan aikin likita, kuma gwajin da aka wallafa a 1987 ya nuna ta fi amfani ga matasan da cutar ba ta daɗe a jikinsu ba. Iyaye ne ke karɓar ragamar abinci na wani lokaci, su zauna da yaron a kan kowane kwano cikin natsuwa da dagewa, ba duka ba gori, sannan a mayar masa da ragamar sannu a hankali yayin da nauyi ke dawowa. A 2010 ƙungiyar masana cututtukan cin abinci ta duniya ta fitar da matsaya cewa ba daidai ba ne a ɗauki iyali a matsayin tushen cutar. Ga bulimiya da cin wuce kima, hanyar gyaran tunani da ɗabi'a da Christopher Fairburn ya inganta a Oxford ita ce kan gaba, ana kuma haɗawa da maganin fuluwoksetin a bulimiya. Anoreksiya ba ta da ƙwayar da ke warkar da ita, abinci ne maganin farko. Sai dai ɗura wa wanda ya daɗe cikin yunwa abinci mai yawa lokaci guda yana iya kayar da sinadarin fosfet a jininsa har zuciya ta tsaya, shi ya sa mai tsananin rama a asibiti ake fara ciyar da shi, ana auna jini. Warkewa tana ɗaukar lokaci. Wani bincike a Boston da ya bi mata masu cutar tsawon shekara 22, aka wallafa a 2017, ya sami cewa kusan kashi 63 cikin 100 na masu anoreksiya da kashi 68 na masu bulimiya sun warke, kuma rabin masu anoreksiyar da suka warke ba su kai ga hakan ba sai bayan shekara tara na farko.